Lambunan da Birnin Kano Ya Ɓoye: Daga Kurmin Jakara Zuwa Bakin Kwata

Gabatarwa

Wanda ya shiga Kano a yau ta Ƙofar Nassarawa ko ta Ƙofar Mata, abin da zai cika masa ido shi ne gine-gine da kwalta da cunkoson ababen hawa. Da wuya ya yi zaton cewa shekaru 200 da suka wuce mafi yawan ƙasar da ganuwa ta kewaye gonaki ne da lambuna da makiyaya. Har yanzu ma akwai shuka a cikin birnin, sai dai ta koma wuraren da ido ba ya kai wa: bayan katangar fada, cikin gidajen matan aure, da gefen magudanan ruwa. Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan wurare, domin a ga cewa lambu ginshiƙi ne a tsarin tsohon birnin, kamar yadda ganuwa da kasuwa suke, kuma kowane zamani da irin maɓoyar da ya tura shi.

Yana da kyau ɗalibi ya fara rarrabe kalmomin da za a yi amfani da su. Gona ita ce wadda ake nomawa da ruwan sama. Lambu kuwa ban ruwa ake yi masa da rani, ana shuka kayan miya da ganyaye da itatuwan marmari. A ƙasar Nijar da wasu sassan yammacin ƙasar Hausa an fi cewa garka. Fadama ita ce ƙasa mai kwari da damshi, inda ruwa yake kusa. Kurmi wuri ne mai duhuwar itatuwa, galibi a bakin ruwa. Gandu kuma babbar gona ce ta gida ko ta sarauta. Duk waɗannan biyar sun taɓa samuwa a cikin Kano ko a gindin ganuwarta.

Kurmin Jakara

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya soma labarin garin ne da dutse da itace da ruwa. Dutsen shi ne Dala, mazaunin Barbushe. Itacen shi ne wanda ake dangantawa da Tsumburbura, wanda aka kewaye da katanga, babu mai shiga sai Barbushe shi kaɗai. Ruwan kuwa shi ne Jakara, wanda littafin ya ce ana kiransa Kurmin Baƙin Ruwa, saboda ruwansa baƙi ne kuma itatuwa sun lulluɓe shi. A can ake kai yankan baƙar dabba idan ana tsoron wata masifa za ta auko wa ƙasa.

Ke nan wuri mai itatuwa na farko da tarihin Kano ya ambata, ɓoyayye ne, kuma tsoro ne ya tsare shi. Wurin da ake jin tsoron shiga, gatari ba ya isa gare shi. Littafin ya nuna yadda wannan tsaro ya riƙa raguwa sannu a hankali. Sarki Tsamiya (1307–1343) ya ci masu bautar da yaƙi, ya rushe katangar da ta kewaye itacen. A zamanin Yaji (1349–1385), lokacin da Wangarawa suka zo da Musulunci, an gina masallaci a gindinsa. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma aka sare shi bisa shawarar wani malami baƙo, wanda masana suke ɗauka shi ne Shehu Al-Maghili. Rumfa ne kuma ya kafa kasuwa a bakin Jakara. Kurmin ya tafi, amma ya bar wa kasuwar sunansa: Kasuwar Kurmi, inda a yau babu inuwar da ta wuce ta rumfunan 'yan kasuwa.

Ganuwa da filin da ke cikinta

An fara ginin ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), aka kammala a zamanin ɗansa. Rumfa ya faɗaɗa ta, sa'annan aka sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Abin lura shi ne, ganuwar da aka samu daga ƙarshe ta kewaye ƙasar da ta fi ƙarfin gidajen da ke akwai nesa ba kusa ba.

Dalilin haka a fili yake ga wanda ya san yaƙin wancan zamani. Idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, mutanen ƙauyuka sukan gudo ciki da iyalansu da dabbobinsu. Katanga tana tare mashi da doki, amma ba ta tare yunwa. Birnin da ba shi da gona da makiyaya da ruwa a cikin ganuwarsa, ba sai an fasa ƙofarsa ba. Jira kawai za a yi. Kano kuwa ta sha fama da maƙiya: Kwararrafa a ƙarni na 17, Maraɗi da Ningi a ƙarni na 19, sai kuma rundunar Damagaram da ta matso kusa da birnin a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarki Alu. Saboda haka filin da aka bari a cikin ganuwa rumbu ne na ranar tsanani.

Matafiyan Turai biyu sun bar bayanin abin da suka gani. Hugh Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a tafiyarsa, ya shiga Kano a watan Janairu 1824. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 15, tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15, mazauna kuma tsakanin 30,000 da 40,000. Ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke ciki ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Ya kuma ambaci wata babbar fadama da ta kusa raba garin biyu, kasuwa tana ci a kan ɗan tudun da ya ratsa ta. Wannan fadamar ita ce Jakara. Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairu 1851. Shi ma ya ga filayen kiwo a tsakanin gidaje, da ramuka masu ruwa da kainuwa ta rufe, da itatuwan gwanda da dabino da alilliba da rimi.

Kududdufi, jigo da jaki

Ramukan da Barth ya gani su ne kududdufai, kuma su ne mabuɗin fahimtar tsohon tsarin. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi: ganuwa, fada, masallatai da soraye duk tubali ne da yaɓe. Ginin ƙasa kuwa kowace shekara sai an gyara abin da damina ta zaizaye. Duk inda aka haƙi ƙasar gini, rami ya samu. Da damina ruwan da ya gangaro daga indararo da lunguna yakan taru a ramin maimakon ya shiga ɗakunan mutane. Da rani ramin yakan riƙe ruwan na watanni, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa, sauran kuma ya tsuma cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa.

A bakin irin wannan ruwa, da kuma gefen Jakara, mai lambu yake yanka fangalinsa. Kayan aikinsa jigo ne: doguwar sanda a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan, yana ɗebo ruwa yana zubawa a 'yar hanyar da ke bi tsakanin fangaloli. Amfanin lambun na da ya haɗa da albasa da tafarnuwa da barkono da gauta da alayyafo da taba da alkama. Alkama tana da kasuwa ta musamman a wurin Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna a birnin, kuma da ita ake gurasa da alkaki. Unguwar Dandalin Turawa ta samo sunanta ne daga waɗannan fatake, domin a tsohuwar Hausa Larabawan ake kira Turawa tun kafin zuwan mutanen Ingila.

Sai kuma taki. Toka da shara da kashin awaki da na dawaki ba a ɗauke su abin yarwa ba. Jakunan da suka shigo da itacen girki da hatsi daga karkara, da mangalar taki suke komawa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan musayar tana cikin abin da ya ba manoman kewayen birnin damar noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba. Gini ya haifi rami, rami ya tara ruwa, ruwa ya rayar da lambu, sharar gida ta koma ƙasa.

Tsarin yana da nasa aibu. Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, kuma a cikinsa ake zubar da ƙazanta. Clapperton ya yi kuka da warin fadamar da rashin lafiyar da take jawowa. Wannan aibu shi ne hujjar da aka riƙa kafawa daga baya duk lokacin da aka tashi cike wani kududdufi.

Bayan katanga

Bayan lambunan fili, akwai waɗanda aka ɓoye da gangan. Mafi girmansu yana cikin Gidan Rumfa, fadar da aka gina a ƙarni na 15 kuma har yau take gidan sarautar Kano. A cikin katangarta akwai filaye masu manyan itatuwa da ake kira Sheka, ta gabas da ta yamma. Suna haɗe da sashen iyalin sarki, inda baƙo namiji ba ya shiga, don haka Kanawa da yawa sun tsufa ba su ga komai nata ba sai kan itatuwan da suka leƙo ta saman katanga. Abin da tsoron Tsumburbura ya yi wa kurmi a da, shi kwarjinin sarauta ya yi wa Sheka: ya hana gatari da mai awon fili shiga.

A wajen ganuwa kuma akwai gandayen sarki, waɗanda bayi suke nomawa domin ciyar da fada, kamar na Nassarawa da Dorayi da Fanisau. Tarihin lambunan sarauta ba ya cika sai an ambaci wannan: gumin bayi ne ya shayar da su. Unguwar Gandun Albasa, wadda a yau gidaje da ofisoshi suka cika, sunanta kaɗai ya isa ya faɗi abin da ƙasarta take fitarwa a da.

Lambun da ya fi kowanne ɓoyuwa, kuma ya fi kowanne yawa, shi ne na cikin gida. Tsarin gidan Bahaushe ya sa baƙo yana tsayawa a zaure. Abin da ke bayan shigifa na matan gida ne. A can, inda ruwan wanka da na wanke-wanke yake gangarawa, ake dasa gwanda ko zogale ko lemun tsami. Lalle yana tsaye a kusurwa, kabewa da soso suna hawa danga, 'yar yakuwa da rama suna bayan ɗaki. Matar da ke cikin kulle tana samun ganyen miya da na kwaɗo da na magani ba tare da ta aika kasuwa ba, wani lokaci har ta ɗora wa yarinya talla. Matafiyan Turai ba su ƙidaya wannan lambu ba, domin ba su wuce zaure ba.

Zamanin Turawa

Sojojin Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Daga ranar ganuwa ta rasa aikinta na tsaro, filin da ke cikinta kuma ya rasa babban dalilin da ya sa aka bar shi. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa, aka kafa Sabon Gari. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Kogin Challawa. Daga baya siminti da bulo da kwano suka soma maye gurbin tubali da azara. Wanda ya yi gini da bulo ba ya bukatar ramin ƙasa a unguwarsu, wanda yake da famfo kuma ba ya damuwa da rijiya. Kududdufi ya tashi daga abin amfani ya koma juji.

Turawa sun zo da wata fahimta ta daban game da lambu. A unguwarsu ta Nassarawa sun yanka manyan filaye, kowane gida da furanni da ciyawa da itatuwan inuwa, kuma a zamaninsu ne darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, ta bazu a titunan Arewa. Dokar tsara garuruwa ta zamanin Lugga ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar kare kai daga zazzaɓin sauro. Wannan lambu na kallo ne da shan iska, kuma shi ma a ɓoye yake ga talaka, sai fa wanda aka ɗauka aikin ban ruwa. Ta wani gefen kuma, bukatar Turawa da Kwarori ta buɗe wa masu lambu kasuwar sababbin ganyaye kamar latas da kabeji da karas, waɗanda daga baya suka shiga cimar Kanawa kansu.

Lambun bakin kwata

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako ta gina madatsun ruwa, mafi girmansu Tiga, wadda take shayar da filayen noman rani na Kadawa da Kura. Tumatir da albasa da alkama masu yawa suka koma fitowa daga can. Amma lambun cikin gari bai mutu ba, saboda wani dalili mai sauƙi: tumatir yana jure tafiyar mota, alayyafo da latas kuwa da zarar rana ta taɓa su sun yi yaushi. Wanda ya yanko ganye da asuba ya isa kasuwar 'Yankaba ko ta Sabon Gari kafin hantsi, ya fi wanda ya taso daga nesa.

Saboda haka masu lambu suka bi Jakara inda ta fita daga tsohon birni ta nufi arewa maso gabas, suka kama gefenta a wurare irin su Kwakwaci, da gefen rafin Getsi da ke zuba a cikinta, har zuwa madatsar Wasai. Wasu suka kama kwarin Ƙofar Ruwa, wasu gefen layin dogo da sauran filayen hukuma da ba a gina ba. Daga shekarun 1980 ƙaramin injin ban ruwa ya soma korar jigo. Mai wucewa a kan gada da ƙyar yake lura da su, alhali a ƙarƙashinsa fangaloli ne kore shar a tsakiyar watan Maris.

Matsaloli biyu ne suka dabaibaye wannan lambu. Ta farko ita ce ruwan. Jakara ta yau da rani ruwan kwatar gidaje ce take ɗauke da shi, shi ya sa ba ta ƙafewa, kuma shi ya sa shuka take yin kyau, domin ƙazantar taki ce. Amma tana tafe da ƙwayoyin cuta, abin da ya fi zama haɗari ga ganyen da ake ci ɗanye. Getsi kuwa ta ratsa unguwar masana'antu ta Bompai, inda ruwan jima da na rini yake shiga cikinta, kamar yadda na Sharaɗa yake bi ta rafin Salanta. Binciken da masanan jami'o'i suka yi a kan ruwan da ƙasar wuraren ya sha nuna ƙarafa masu guba, irin su dalma da sinadarin da ake jima da shi. Mai lambu bai zaɓi wannan ruwa ba; shi ne ya rage masa.

Ta biyu ita ce ƙasar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Da yawa daga cikin masu lambun aro suke yi ko haya, ko kuma gado ne da babu takarda. Ranar da wani ya zo da takardar mallaka da tifar yashi, magana ta ƙare. Nazarin da Lynch da Binns da Olofin suka wallafa a 2001 ya nuna cewa rashin tabbas a kan fili yana cikin manyan abubuwan da ke barazana ga noman cikin birnin Kano. Wanda bai san ko zai kai baɗi a wuri ba, ba zai dasa mangwaro ko ya haƙa rijiya mai kyau ba. Sai ya tsaya ga ganyen da zai yanka cikin 'yan makonni. Jakara kanta, a sashenta na cikin gari, an soma aikin zuba mata kankare da shimfiɗa titi a kanta a wa'adin mulki na 2011 zuwa 2015.

Kammalawa

Abin da ake asara idan lambu ko kududdufi ya tafi ya wuce kyan gani. Ruwan saman da ya saba taruwa a rami ba ya fasa zuwa don an cike ramin an yi shaguna. Sai ya nemi titi da tsakar gida, kamar yadda unguwanni da dama suke gani duk watan Agusta. Rijiyoyi suna ƙara zurfi, zafin bazara yana ƙara tsanani inda babu inuwa, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana rasa sana'ar rani. Ba a ce a koma zamanin jigo da sauro ba. Amma birane da dama sun gane cewa tafkin da aka tsabtace da filin da aka keɓe wa shuka sun fi araha a kan gyaran ɓarnar ambaliya, kuma tsohuwar Kano ta riga ta san haka tun tana ginin ƙasa.

Ga ɗalibin Hausa, akwai wata taska da ba a iya cikewa da yashi, wato sunayen wurare. Kurmi, Kasuwar Rimi, Durumin Iya, Kurna, Giginyu, Rijiyar Lemo, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya da Gandun Albasa duk sunayen unguwanni ne da kasuwanni a Kano ta yau, kuma kowannensu yana ɗauke da sunan itace ko shuka. Wanda ya bi irin waɗannan sunaye a Zinder ko Katsina ko Maraɗi ko Zariya, ya tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin kafin a yi gini, zai iya zana taswirar lambunan garinsu tun masu tunawa da su suna raye.